Akwatin Malam Isiyaku

Shekara huɗu ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa a Batsari. Taubashina ne, ɗan goggona, tare muka yi kiwon awaki a Karare. Shi ya bi makaranta har ya zama mai kula da kwamfutocin wani ofis a Safana, ni kuwa na bi bayan shanu na zama dillali. Na fi shi abin hannu nesa ba kusa ba, amma in muka zauna cikin mutane, bakinsa ake kallo. Abin nan ya ci mini rai tun muna yara, kuma ban ga amfanin ɓoye shi yanzu ba.

Da satar shanu ta tsananta a yankinmu, kowane dillali ya zama abin zargi. Sai na fito da dabara: duk dabbar da ta bi ta hannuna a ɗauki hotonta, da shaidar da ke jikinta, da fuskar mai sayarwa. Dabarata ce ni kaɗai, ina so a san da wannan. Hotuna suka cika wayoyi, na rasa inda zan adana su, dole na tambayi Isiyaku.

Ya ce ma'ajiyar iri biyu ce. Akwai ɗan akwati da masu sana'ar ke kira NAS, ana jona shi a layin kwamfutocin shago, kowa ya buɗe ya ajiye ya ɗauka, kamar rumbun tsakar gida. Akwai kuma babba, SAN, mai layinsa na kansa da wayoyinsa daban, manyan injuna kaɗai ke shiga, kamar sito mai titin da sai tirela ke bi. Babban ya fi sauri, ya fi ɗaukar kaya, shi bankuna ke so. Amma yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi, da gwani a kusa.

Na ce, "To ni babban nake so."

Ya tuntsure da dariya. "Haba Dillali! Kwamfuta uku gare ka, ɗaya ma maɓallanta sun zube. Sito za ka gina wa damin gero biyar?"

Da a keɓe ya faɗa mini, da na ji. A gaban mutane ya faɗa, suka taya shi dariya. Ba a yi mako biyu ba na tafi Kano na sayo babban, na hannu, daga wani kamfani da ya rufe. Isiyaku ya zo ya taya aka haɗa, sannan ya tura wani ɗan akwati nasa ƙarƙashin teburina, ya jona shi da sola, ya saita shi yana kwafar kowane hoto. Ya ce, "Bar shi nan, ba ya cin tuwo." Na mai da shi wurin ɗora hula.

Da damina ya rasu. Bayansa man janareta ya fi ƙarfina, gwanin da ke zuwa daga Kano ya daina bin hanyarmu saboda tsoro, babban injin ya mutu bai sake tashi ba. A wannan tsakanin ne wani makiyayi daga Tsaskiya, Buba, ya kama igiyar wani farin sa da na kawo kara, ya rantse nasa ne da aka kora. Mutane suka kewaye ni. Duk wanda ya rayu a shekarun nan ya san makomar dillalin da aka ce yana karɓar shanun sata. Ba kasuwa kaɗai yake rasawa ba.

Na roƙi a biyo ni shago. Na kunna kwamfuta, na buɗe akwatin da na raina. Ga hoton farin san nan, ga ranar da na saye shi, watanni kafin a kori garken Buba, ga mutumin Darini da ya sayar mini yana riƙe da ƙahonsa. Buba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Alhaji, ka yafe ni. Tun da aka kora su, kowane fari nawa nake gani."

Yau dillalai da dama a Batsari da Safana sun sayi irin ɗan akwatin nan. Kun san sunan da suke kiransa? Akwatin Malam Isiyaku. Ban taɓa jin wanda ya ce hotunan Alhaji ba. Da yana nan ya ji masu cewa a zuba komai a intanet a huta, na san tambaya ɗaya zai yi: in layi ya ɗauke fa? Sannan ya leƙa bayan shagona, inda babban injin ke lulluɓe da tamfol, kaji na yin ƙwai a gindinsa, ya yi dariyar nan tasa.

Ya bar iyali, ya bar suna mai kyau, ya bar mini ƴar fitila koriya da ke ƙiftawa ƙarƙashin tebur. Ban ƙara ɗora wa akwatin hula ba. Kullum ina yi masa addu'a, kuma har yau ina jin haushin cewa shi ke da gaskiya. Allah ya jiƙan ka, taubashi. Wannan ma kai ka ci.