Ɗalibar Bappa Ishaya

A wata Lahadi ta watan Nuwamba, shekarar 2014, muka dawo daga coci muka tarar da wani mutum zaune a ƙofar gidanmu da ke unguwar Shagari Low Cost a Yola. Ƙafafunsa sun kumbura har sun tsattsage, rigarsa kuwa ba a iya gane launinta. Mahaifina ya daɗe yana kallonsa kafin ya gane abokin karatunsa ne tun kwalejin horar da malamai, hedimastan wata firamare a ƙasar Michika. Da ƙafa ya ratsa duwatsu da dazuzzuka bayan 'yan bindiga sun afka wa garinsu. Matarsa da ɗansa ba su fito tare da shi ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsu ba. Shekarata goma sha biyu a lokacin. Aka ba shi ɗakin da ke kusa da kicin, aka ce mu riƙa kiransa Bappa Ishaya.

Ƙafafun suka warke, amma mutumin bai dawo ba. Kullum yana kan benci a gindin mangwaro, idanunsa a kan katanga. Mama takan ajiye masa kunun gyaɗa da safe, in dawo daga makaranta in tarar ya huce ya yi fata, ƙudaje sun kewaye shi. Idan muna langa da yaran maƙwabta wani ya buga ƙofar ƙarfe, ko wata tsohuwar mota ta yi tari a titi, sai mu ga dattijon nan ya kwanta rubda ciki a ƙasa. An karɓo masa ƙwayoyi daga asibiti, 'yan zumuntar mata sun zo sun yi addu'a har muryoyinsu suka dushe, bai ce wa kowa uffan ba.

Cikin ayyukana na safe, bayan shara da ɗibar ruwa, har da shayar da wata marainiyar 'yar akuya da Baba ya kawo daga gonarmu ta Namtari, wadda uwarta ta mutu wajen haihuwa. Madara nake dama mata a kwalba mai bakin roba. Wata rana na makara, ga tsoron bulalar bakin ƙofar makaranta, sai na dire kwalbar a kan bencin Bappa na ruga. Da na dawo na iske kwalbar babu komai ciki, 'yar akuyar kuma tana barci a cinyarsa, hannunsa a bayanta. Tun daga ranar aikin ya fita hannuna. Shi da ba ya tashi daga benci, ya koma fita da sassafe da lauje yana yanko mata ciyawa. Ran Asabar yakan bi mu Namtari ya ɗauro harawa a ka. Yana cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Ɗaliba ya raɗa mata. "Makarantata ta watse," in ji shi, "wannan kaɗai ta rage mini, ita kuwa ba ta fashi." Ranar da ta tauna littafina na lissafi ina kuka, ya dube ni ya ce, "Ƙyale ta, 'yata. Ita aƙalla ta ɗanɗana, ke ko buɗewa ba kya yi." Ran nan muka fara jin dariyarsa. Ya soma cin abinci, domin Ɗaliba ba ta barinsa ya zauna da kwano ba tare da ta sa baki ba, dole ya riga ta. Ya soma barci idan tana ɗaure a bakin ɗakinsa. Kafin a kai ga Ista har aikin gida yake duba mana da jan biro.

Ganin haka Baba ya ɗauri aniyar yin godiya ga Allah a gida, ya gayyaci fasto da 'yan coci da abokan aikinsa. A al'adar gidanmu, tun kakanninmu na Ganye, ba a yin godiya da naman kasuwa. Abin da aka rena a gida, mafi kyau a ciki, shi ake yankawa. Da safiyar ranar Mama ta raka Bappa wurin tela karɓo sabuwar rigar da aka ɗinka masa. Suna fita Baba ya kwance igiyar. Na sha gabansa na ce, "Baba, ta Bappa ce fa." Ya ce, "Ai saboda shi ake yi. Mutum ya warke, a gode wa Allah da abin tebur? Akuya ce, zan sayo masa wata." Mahaifina mutum ne mai gaskiya, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Wannan ne ma abin da ya fi ƙona mini rai har yau.

Bappa ya dawo cikin sabuwar riga, da ɗan ƙullin dusa da ya sayo a hanya. Fatar ce ya fara gani a shanye a kan katanga. Mata suna waƙa suna buga tulu, ana yi masa barka, aka zaunar da shi kusa da fasto, aka miƙa masa hanta, rabon babban baƙo. Ya karɓi farantin da hannu biyu, ya ajiye a ƙasa, ya ce wa Baba, "Na gode, Malam Bitrus. An kyauta." Ban sake jin muryarsa ba. Baba ya cika alkawari, ya sayo wata akuyar da ta fi Ɗaliba girma, Bappa bai ko ɗaga kai ya kalle ta ba. Da damina ta faɗi wasu danginsa suka ɗauke shi zuwa unguwar Damilu, bai kuma ga wata Istar ba. Manya suka ce ciwon ne ya dawo, kamar dai shi ya kawo kansa.

Yanzu a sashen adana bayanai na wani asibiti nake aiki, ina ganin irin su Bappa suna jiran likita, kowanne da idanunsa a kan bango. Nakan so in tambaye su ko akwai wani abu mai rai da ke jiran su koma gida su ba shi abinci. 'Ya'yana suna da kyanwa, maƙwabta na yi mana dariya wai muna ɓarnar kifi, ban taɓa tsayawa yi musu bayani ba. Idan na ga ƙaramar tana yi mata hira a kan tabarma, sai in tuna muryar nan ƙasa-ƙasa da ba mu san darajarta ba. Maƙiyansa sun kasa ƙarasa shi. Masu ƙaunarsa ne suka ƙarasa.