Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina duba makarantu tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ban kuwa taɓa sa hannu a kan rahoton da zuciyata ba ta natsu da shi ba. Da na aje aiki, sai na zuba wani kaso na kuɗin sallamata a hannun jari ta wajen wani kamfanin dillanci, tsofaffin malamai da dama suka bi sahuna. Tun daga nan, duk abin da ya shafi wannan asusu ni suke tambaya.

Bara da kaka ɗana na biyu ya zo daga Abuja. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana aiki da masu ƙera manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira. Ya ce sun yi wata manhaja da za ta riƙa leƙa asusun mutum a wajen dillalai, ta gaya masa da Hausa abin da ya mallaka. Sun rubuta takardar bayanin yadda take aiki, suna son dattijo ya duba ya sa hannu, kafin a gabatar da ita ga ƙungiyar tsofaffin malamai a Kurfi ran Asabar. Bai ɓoye mini ba cewa ƙarin girmansa ya rataya ne a kan wannan taro.

Na zauna a zaure da hantsi, jan biro a hannu, na karanta ta sau biyu. Hausarta ba laifi. Ta faɗi inda ake sa lambar sirri, ta faɗi abin da za a danna, har da hotuna. Abu guda na nema na rasa.

Mahaifina dillalin wake ne a Karofi. Komai kyan tayin da mai saye ya yi, ba ya cewa an sayar sai ya taka da ƙafarsa ya iske mai kaya, ya ji "na sallama" daga bakinsa. In mai kaya ya tafi masallaci, ciniki ya jira shi. A kan wannan na tashi, da shi kuma na auna takardar.

Na kira ɗan nawa na ce, "Wannan abu naku, kallo kaɗai yake yi, ko yana iya sallama kayan mutum?"

Ya ce, "Kallo ne kawai, Baba."

"A wane shafi aka rubuta haka?"

Ya yi ta juya takardu. Can ya ce, "Ba a rubuta ba, amma ai ni na sani."

"To, kai za a liƙa a bayan kowace waya?"

Ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Da na matsa, sai ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Manyansa ba sa son a rubuta, domin baɗi suna da niyyar ƙara wa manhajar saye da sayarwa, kuma izinin da mutum ya bayar yau shi zai ci gaba da aiki.

Na ce masa layi ɗaya nake nema: cewa ba za ta sayar da komai ba sai ta dawo ta tambayi mai shi. Ya ce ba shi da iko. Na ce ni ma ba ni da ikon ba da sunana aro.

Ran Asabar muka tafi Kurfi a motarsa. Ya yi jawabinsa, ya kuwa yi shi da kyau, har na ji alfahari. Da ya gama, wani tsohon hedimasta, abokina tun muna kwaleji, ya juyo gare ni.

"Malam, ba mu ga sa hannunka a ƙasan takardar ba. Ko tawada ta ƙare?"

Na miƙe na ce, "Tawada na nan, Alhaji. Takardar ce ba ta cika ba."

"Kai dai har ɗan cikinka ba ka bari ya ci jarrabawa?"

"Bai faɗi ba. Bai dai gama rubutu ba."

Na bayyana musu abin da ya rage. A cikin masu sauraro akwai matan abokanmu da suka rasu, waɗanda wannan jari ne kaɗai gadon marayunsu. Ƙungiya ta ce za ta dakata da karɓar manhajar.

Ƙarin girman bai samu ba. Ɗana ya koma Abuja a ranar, bai ko tsaya cin tuwo ba, ni da mahaifiyarsa kuma muka yi kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ya yi mini ciwo, ba zan musa ba. Duk da haka, da za a maimaita ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Yanzu yakan kira kowace Juma'a, ya tambayi gwiwata, in tambayi jikokina. A watan jiya ya aiko da sabuwar takarda ta hannun wani direba, ta fi ta farko kauri da ado. Na karanta ta sau biyu. Layin bai shiga ba, don haka na mayar wa direban da ita kafin ya tayar da mota.