Suna Kawai Kwamfutar Take Jira

Ya jama'a, yau Kawu Sani ya kashe ni da taimako!

Kun san aikin COBOL ɗin nan, yaren kwamfuta, da zan miƙa wa malaminmu gobe, na rabon ruwan gonakin garin Suki? Ina cikin gwada shi Inna ta aike ni maƙwabta. Na sa ACCEPT, layin da ke karɓar sunan manomi, amma ban kai ga sa DISPLAY ba, wanda zai nuna "Shigar da sunanka". Sai allon ya tsaya baƙi ƙirin, ɗan ɗigo kawai ke ƙyaftawa.

Kawu ya leƙa, ya ce kwamfutar ta mutu. Ya sungume ta sai kasuwa. Mai gyara bai tambayi kowa ba, ya goge komai tas.

Kawu ya dawo yana murmushi. "Halas, an gama, ɗiyata, ta warke."

Na buɗe. Ko layi guda na aikina babu.

Na ce, "Kawu, lafiyarta lau fa, suna kawai take jira!"

Ya ce, "To mi ya hana ta tambaya?"

Yanzu Inna ta ce wai in fita in yi mishi godiya. Yana tsakar gida yana jirana.