Gwaggo Doguwa da Ɗakin 'Yan Shekara Biyu

Ƙanwar babana ce. Tun tana budurwa ake ce mata Doguwa, domin a gidanmu babu ƙofar da take shiga ba ta sunkuya ba. Shekara goma sha takwas ta yi tana wanke kwanuka da goge tebura a ɗakin cin abincin wata masaƙa. Da aka rufe masaƙar tana da shekara arba'in da shida, 'ya'yanta uku duk sun girma. Ta zauna a gida mako biyu, ta ce zaman ya fara sa mata ciwon baya. Wata maƙwabciya ta gaya mata ana neman mai shara a gidan renon yara da ke bayan tashar mota, washegari ta ɗauki jakarta ta tafi.

Gidan ɗaki uku ne da tsakar gida mai siminti, da famfo ɗaya a gindin bango. Ɗakin farko na jarirai, na ƙarshe na waɗanda suka kusa shiga firamare, na tsakiya kuwa na 'yan shekara biyu zuwa uku. Wannan ɗakin na tsakiya shi ya tsaya wa Gwaggo a rai. Kullum in tana goge baranda sai ta leƙa ta taga, ta ga yara goma sha huɗu jere a kan benci, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, malama tana nuna haruffa a allo da sanda. Rabinsu kuka, rabin kuma gyangyaɗi.

"Ni dai ban yi boko mai nisa ba," ta ce wa babana wata ranar hutu, "amma Yaya, yaron da bai iya ɗaga wandonsa ba, me zai yi da allo?"

Babana ya ce ta yi shararta ta bar masu ilimi da aikinsu. Ta ce to.

Wata biyar tana shara, sai malamar ɗakin ta tafi hutun haihuwa, wadda aka ce za ta maye gurbinta kuma ba ta zo ba. Shugabar gidan, wata mace mai tabarau da saurin magana, ta kira Gwaggo ofis ta ce ta riƙe mata yaran kwana uku kacal, kafin a samu malama.

"Kada dai su ji ciwo, shi ke nan abin da nake so," in ji shugaba.

A ranar farko Gwaggo ta shiga ɗakin, yaran suka ɗaga kai suna kallonta kamar sun ga turken lantarki ya shigo da ƙafarsa. Uku suka fashe da kuka lokaci ɗaya. Ta rasa yadda za ta yi, sai kawai ta zube a ƙasa ta miƙe dogayen ƙafafunta. Ɗakin ya yi tsit. Wata yarinya mai kitso biyu ta sauko daga benci, ta zo ta tsallake ƙafar Gwaggo, ta juyo ta sake tsallakewa. Kafin a ce me, yara goma sha huɗu sun yi layi suna tsallaken ƙafa suna ƙyalƙyala dariya.

Da yammar nan ta biyo gidanmu ko zama ba ta yi ba, tana ba ni labari tana haki. "'Yar nan, ashe tsoron tsayina suke. Da na zauna sai na ga idanunsu. Kowa da irin nasa kallon."

Washegari ta nemi izini ta fitar da bencunan baranda ta shimfiɗa tabarmi. Ta bi shagunan layin ta roƙo kwalaye, ta kwaso tsofaffin kofuna da ludaya da mazurari daga kicin ɗinta, ta wanke su tas. Duk abin da zai iya shiga bakin yaro ta ware shi gefe, ta ce wannan ba na ɗakinta ba ne. Ta cika baho da ruwa iya tafin hannu ta ajiye a inuwa, ta zauna kusa da shi, ba ta ɗauke ido ko sau ɗaya. Kwana uku suka zama mako uku. Shugaba ta lura ta daina jin kuka daga ɗakin tsakiya, har wata rana ta taso da sauri don ta ɗauka yaran sun fice.

Abin da Gwaggo ta fi yi shi ne magana. Ba ta ɗaga yaro ba tare da ta gaya masa ba. "Zo mu canza maka wando, ya jiƙe. Ga hannu ɗaya, ga na biyu." In yaro ya nuna abu ya ce wani gwaranci, sai ta amsa masa kamar babban mutum ya kawo zance, ta jira ya ƙara. Ta sayi ƙaramin littafi, ta ba kowane yaro shafinsa. Da rubutunta mai kama da tafiyar kaza take sa abin da ya ci, tsawon barcinsa, da sabuwar kalmar da ya faɗa. In iyaye sun zo ɗauka, ba ta cewa "lafiya lau ya wuni" ta sallame su. Sai ta ce, "Yau ya ce mazurari, sau biyu. Ku tambaye shi a gida."

Akwai wani yaro da ta sa wa suna Mai Takalmi. Da zarar mahaifiyarsa, wata ma'aikaciyar jinya, ta ajiye shi, sai ya cire takalmansa ya rungume su a ƙirji ya tsaya bakin ƙofa, haka zai wuni. Ba ya wasa, ba ya barci. Gwaggo ba ta taɓa ƙwace takalman ba. Ta sa kafinta ya kafa ɗan kanta a ƙasa-ƙasa daidai tsayin yaran, ta manna hoton kowa a gurbinsa. Kullum da safe sai ta durƙusa ta ce masa, "Ga wurinka. Mama za ta zo bayan barcin rana, takalmanka suna nan suna jiranta tare da kai." Kwana goma sha ɗaya tana faɗar haka. A na goma sha biyu yaron ya daɗe yana kallon hotonsa, ya ajiye takalmi ɗaya, ya riƙe ɗaya. Zuwa hantsi ya ajiye na biyun don yana bukatar hannu biyu ya ɗauki ludayi. Gwaggo ta ce sai da ta juya baya ta ciji mayafinta don kada ta yi ihu ta firgita shi. Da mahaifiyar ta zo, su biyu suka tsaya gaban kantar suna kallon takalma kamar an kawo musu wani abin mamaki daga wata ƙasa.

Ba kowa ne ya ji daɗin sabon tsarin ba. Mahaifin yarinyar nan mai kitso biyu, wani bakanike, ya zo wata safiya fuska a ɗaure.

"Baba, ni makaranta na kawo 'yata," ya ce wa Gwaggo. "Kullum riga a jiƙe, ba harafi ko ɗaya. 'Yar maƙwabcina tana jero su har ƙarshe."

"Gaskiyarka, ɗana," in ji Gwaggo. "Kana da minti goma? Zauna nan, kada ka ce mata komai."

Ya zauna a bakin tabarma yana duba agogo. Yarinyar ta ɗebi ruwa da babban kofi ta juye a ƙarami, ya zube. Ta ɓata fuska ta ce, "Ya yi yawa." Ta sake, wannan karon ta tsaya kafin ya cika. Sannan ta jera ƙananan kofuna ta cika su daga babban tana cewa, "Ɗaya, biyu, uku. Ya ƙare." Wani yaro ya miƙo hannu zai karɓi mazurarin, ta ce, "Jira, in na gama," ta gama ta ba shi.

Bakaniken ya ce a hankali, "Wa ya koya mata wannan?"

"Ruwan," in ji Gwaggo. "Ni sunayen abubuwan kawai nake gaya mata. Kai in za ka zuba wa mota mai, da waƙa ka koya ko da hannu?"

Ya yi dariya har ya manta da agogon. Ranar Asabar ya dawo da tsofaffin tayoyi shida a bayan mota, ya wanke su da sabulu, ya shafa musu fenti, ya jera su a tsakar gida yara su riƙa hawa.

Labari ya bazu a layin, iyaye suka fara zuwa suna cewa ɗakin Doguwa suke so. Shugaba ta yi murna ta ce za ta ƙara mata yara shida. A nan ne Gwaggo, wadda ba ta taɓa yi wa na gaba da ita musu ba, ta ce a'a.

"Ranki ya daɗe, hannuna biyu ne, cinyata biyu. Goma sha huɗun ma in ɗaya yana kan fo, ɗaya ya faɗi, sai in zaɓa. In za a ƙara yara, a fara ƙaro babba."

Shugaba ta cire tabarau ta daɗe tana kallonta. Bayan mako biyu malamar da ta haihu ta dawo, aka haɗa su ɗaki ɗaya, aka raba yaran gida biyu, kowa da nata da za ta sani ciki da waje. Da farko malamar ta sha ƙamshi, mai shara ce fa. Amma ita ta kawo littattafan hotuna, ta nuna wa Gwaggo yadda ake karanta su a bar yaro ya juya shafi da kansa, Gwaggo kuma ta koya mata zaman ƙasa. Malamar ce ma ta kawo mata takardar shiga kwas ɗin masu renon yara na ranakun Asabar.

Ni na riƙa yi mata bita. Tana da shekara arba'in da takwas ta zauna jarrabawa da 'yan mata sa'o'in 'yarta. Ranar da sakamako ya fito ta shigo gidanmu riƙe da takardar sama da kanta, ta manta ba ta sunkuya ba, ƙofa ta ƙwale mata goshi. Babana ya karanta takardar sau biyu, ya gyara murya ya ce ai shi tun farko ya san za a yi haka. Mamata ta ce, "Kai da ka ce ta yi shararta?" Gwaggo tana dafe da goshi tana dariya har hawaye.

Yanzu shekararta bakwai a ɗakin. Makon jiya ta kira ni da rana tsaka ina wurin aiki, tana magana da sauri-sauri, na ɗauka wani abu ne ya faru.

"'Yar nan, an yi ruwa da asuba, mun fito muka tarar da dodon koɗi a jikin famfo. Mun bar duk abin da muka shirya. Awa guda muna kwance rubda ciki muna kallonsa. Wata ta ce gidansa yake goye da shi, wani ya ce ina mamarsa. Kin san cewa in aka taɓa ƙahonsa a hankali yana mayar da shi ciki?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma sai yau," ta ce. "Bari in je, sun fara tashi daga barci."