Baudilia Mai Leƙen Dasashi

Baudilia Asprilla 'yar yayata ce. Shekara goma sha biyar tana soya kifi da ayaba a gaɓar koginmu, nan jiharmu ta Chocó, kafin ta tashi rana ɗaya, da 'ya'yanta uku, ta ce ita karatun nas za ta je birnin Quibdó. Muka sha dariya har da riƙe ciki. Ashe da gaske take!

Tun tana mitsitsiya take bin kakarta, ungozomar ƙauyenmu. Tsohuwar takan ce mata baƙar fatarmu ba ta tona asirin ciwo, sai an leƙa dasashi da cikin ido da tafin ƙafa, a hasken rana.

Shekarar da Baudilia ta gama karatu, gurbin nas ya buɗe a ɗan asibitinmu. Nas biyar aka taɓa turo mana daga birni, babu wadda ta kai wata huɗu, ruwan sama da sauro suka kore su. Gurbi ɗaya, masu nema huɗu, wani Likita Ordóñez ya zo zaɓe. Na raka ta, kai ka ce ni za a ɗauka.

Muna layi sai ga Yasira, maƙwabciyarmu, da jaririyarta ta kwana biyar.

"An duba ta a ciki, an ce lafiya lau," in ji Yasira. "Barci ne dai ya yi mata yawa, ko nono ba ta kamawa."

Daidai nan aka kira sunan Baudilia. Maimakon ta shiga, sai ta karɓi jaririyar ta yi waje.

"Ke! Kin haukace? Ke ake kira!"

"Goggo, riƙe min takardun nan."

Ta tsaya cikin rana, ta buɗe ɗan bakin, ta ja fatar ido. Rawaya kamar kwaiduwar ƙwai.

"Ciwon shawara ne, kuma ya yi nisa. Yasira, kwale-kwale, sai babban asibitin Quibdó yanzun nan!"

Wallahi na ji kamar in shaƙe ta. Ina kallo injin ya tashi da su, aka kira mai bi mata, ni kuwa na zauna da takardu ina hawayen takaici.

Bayan kwana uku suka dawo, jaririya na tsotso kamar za ta cinye uwar. Likita Ordóñez bai tafi ba, yana gaɓa yana jira.

"Malama, ni na duba yarinyar nan ban gani ba. A wane littafi kika koya?"

"Ranka ya daɗe, jariran littafin duk farare ne. Kakata ce ta koya min."

Ya laluba aljihu ya miƙo mata makullin asibiti. Guɗar da na rangaɗa, har ƙetaren kogi an ji ta!

Shekara tara ke nan, ruwan sama bai kore ta ba. Yaran ƙauyenmu in sun hango ta, kafin gaisuwa baki suke wangalewa. 'Yar Yasira ce kullum a gaban layi.