Wa Ya Taka Birkin Jif ɗin Yaya?

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina.

Jif ɗin da marigayi Yaya Sani ya saya bayan yaƙi, birkinta sai ya kai ƙasa yake kamawa, ga shi gobe zan kai Inna Zariya. Iska ce ta shiga bututun birkin. Cire ta aikin mutum biyu ne, ɗaya ya taka birki ɗaya ya kwance noti, ni kuwa ni kaɗai ne a garejinmu na Kawo. Na shiga ƙarƙashi, na kwance noti, bakina ya suɓuce: "Yaya, taka."

Man birki ya feso! Na ce, "Riƙe." Aka riƙe. Na ɗaure na fito, babu kowa a kujera.

Na gaya wa Inna. Ta tambaye ni:

"Birkin ya kama?"

"Ya kama, Inna."

"Allah ya jiƙansa. Gobe a baya zan zauna, a bar masa gaba."