Kwana Ukun da Muka Ɓoye Mata

Ina gona wajen Kiyeshe ina maimai, waya ta yi ƙara a aljihuna. Ɗiyata ce daga Yamai. Ta gaishe ni, ta tambayi ruwa, na ce ruwa ya yi gyara. Sannan ta ce, "Baba, an ɗauke ni. Farkon wata zan fara."

Aikin shi ne kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, na wata babbar ma'aikata da duk bayanan da ke cikinsu. Na jingine hauya, na ce, "Allah ya yi albarka, Uwata." Haka nake kiranta, don sunan mahaifiyata aka sa mata. Na so in ƙara wani abu, ban samu ba. Wata biyar ke nan da rasuwar uwarta.

Ni ban yi nisa a lakwal ba, a aji shida na tsaya. Matata ce mai karatu. Mutuniyar Dumega ce, ta yi shekaru tana sakatarya a meri, ofishin magajin garin Dogon Dutsi, tana buga takardun haihuwa da mashin na hannu. Ita ta koya wa yarinyar bugu tun tana firamare. Takan rufe mata hannuwa da kallabi, ta ce, "Idonki a takarda. Yatsa ya san gidansa." In ta yi kuskure ɗaya, a sake shafin daga sama.

Da ta shiga lise, babbar sakandare, aka kawo musu ordinatoci kaɗan. Ƴan ajinsu na neman haruffa da yatsa ɗaya, ita ta gama shafi. Malaminsu ya ba ta makullin ɗakin ordinatocin. Ba a jima ba ta wuce bugu, ta fara kwance bayan na'urar don ta ga abin da ke ciki. Yayana ya gan ta wata rana da sukudireba a hannu, ya ce mini, "Wannan ɗiyar taka makanike za ta zama?" Uwarta ta amsa daga madafa, "In wayarka ta lalace, Yaya, ka kawo."

Ta ci bak, jarrabawar fita lise, ta tafi Yamai karatun ilimin ordinata. Lokacin an kawo wa meri nata na'urorin, matata kuwa ba ta taɓa sonsu ba. In ɗiyar ta zo hutu sai su yi ta tsokanar juna. Uwar ta ce, "Mashin ɗina bai taɓa cewa an ɗauke wuta ba." Ɗiyar ta ce, "Inna, gara kuwa ba ta taɓa cin nawa rajistan ba." Daga wannan wasa ta samo aikinta na ƙarshen karatu: tsarin da zai adana takardun haihuwa a cikin na'ura, yadda yaro daga Sukukutane ba zai rasa jarrabawa ba don an nemi takardarsa an rasa. Kullum tana waya tana tambayar uwarta yadda ake cika kowane layi.

Abu ɗaya ya rage, ta tsaya gaban malamai ta kare aikin. An sa ranar Alhamis. Wanda bai zo ba sai baɗi, kuma ma'aikatar da ta yi istaj, wato koyon aiki, a cikinta ba za ta jira ta ba.

Ciwon matata bai daɗe ba. Tun tana kwance a likita ta ce mini, "Malam, kada a tayar wa yarinyar nan da hankali." Ran Litinin da hantsi, saura kwana uku Alhamis ɗin, ta cika. A wurinmu ba a gaya wa na nesa mutuwa kai tsaye, balle wanda ke da babban abu a gabansa. Ana cewa da sauƙi, har ya iso gida. Ni da yayana muka yanke a yi shiru har Alhamis. Na bi masu zaman makoki ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, ina roƙon kada kowa ya kira ta.

Ran Talata ta kira. Na zaga bayan gida inda ba a jin masu gaisuwa. Ta ce, "Baba, yaya Inna?" Na ce, "Da sauƙi. Tana barci." Ta ce, "To, Baba. A gaishe ta."

Ran Alhamis da la'asar ta sake kira, ta ce ta gama, malaman sun yaba ƙwarai. Na ce, "Uwata, akwai magana." Ta ce, "Na sani, Baba. Tun ran Litinin."

Ashe tsoffin ƴan ajinsu na lise suna da zaure a cikin waya inda suke hira. Kafin mu dawo daga maƙabarta wata ta rubuta mata ta'aziyya a can. Ni na tsare bakin mutanen da ke tsakar gidana, ban san da wannan hanyar ba, alhali irin aikin da ɗiyata ke karanta ke nan.

Ƙawarta da suka zo gida tare ran Juma'a ta gaya mini sauran. Ta ce kwana ukun nan ba ta ci abin kirki ba, amma ta tsaya gaban malamai ta amsa kowace tambaya. Da aka tambaye ta inda ta san aikin rajista haka, ta ce wurin wata sakatarya a Dogon Dutsi. Ta nemi ruwa ta sha, ta ci gaba.

Yau in na je meri, ma'aikatan kan tashi su gaishe ni, su tambayi injiniya. Yayana ma ya aika mata da wayarsa ta gyara. Ina jin daɗin wannan, ba na ɓoyewa.

Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Ni ne nake son in roƙe ta gafarar abin da na faɗa mata ran Talatar nan. Sau biyu tana zuwa gida tun da ta fara aiki, mun zauna, mun yi hirar gona da ta Yamai. Har yau ban yi mata maganar ba.